Hotunan Bangon Ɗakin Auta

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da abokin ƙanina da mijin ƙanwata, wanda ya yarda ya ja mu a tsohuwar motarshi. Ko kunu ban tsaya sha ba. Masu tambayar ina na shige kwana biyu ba a ji ɗuriyata ba a nan, to ga inda na je, kuma kada wanda ya yi mani dariya: hotunan wasan gem na tafi nema. Ni uwar 'ya'ya huɗu, wadda ko abin dannawar nan ban taɓa riƙewa ba.

Autanmu ne sanadi. Shi ke da shagon gem a bakin kasuwa, inda samari ke biya su buga wasa a talabijin. Farkon damina mota ta buge shi kan babur, ƙugu da cinya suka karye. Kayan shagon aka sayar aka yi mashi aiki. Bikinshi da aka sa bayan kaka, gidan su yarinyar suka aiko a dakata, kuma kun san abin da wannan ke nufi. Sai asibiti suka ce nan da 'yan kwanaki a zo a ɗauke shi, zai yi watanni kwance a gida. Duk wannan na shanye. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Auta ya daina magana. Yaron da sai an roƙe shi yake yin shiru, yanzu in ka gaishe shi ya ce lafiya lau, ya juya fuska bango. Na shiga ɗakin da aka share mashi a gidan Baba, na kwanta kan katifar don in ga abin da zai riƙa gani. Farar ƙasa ce da tsagewa guda. Na ce wallahi ba wannan zai kalla har rani ba.

Da na gaya wa Baba Malam niyyata bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya ce a ɗakin nan yaron zai riƙa salla a kwance, shi ma nan zai riƙa shigowa yana yi mashi addu'a, don haka ba a liƙa mashi hoton abu mai rai. Baba dama bai taɓa son sana'ar nan ba, wasan banza yake ce mata, shekara biyu tsakaninshi da Auta sai gaisuwa. Na ce na ji na yarda. Abokin Auta ya ce akwai wasan da ya fi ƙauna, cike yake da duwatsu da koguna da tsofaffin ganuwoyi, za a samu wanda ba kowa a ciki.

Na fara dubawa a gida. Masu fosta na kasuwarmu ba su da komai sai 'yan ƙwallo da kwandon ayaba da lemo. Mai buga hotunan garin kuma wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone mashi inji. Na tambayi wani mai sayarwa ta waya daga Legas, kuɗin aikowa kaɗai da ya faɗa ya sa na kashe data na ajiye wayar. Shi ya sa muka kama hanya.

Hanyar Sheme a damina sai wanda ya bi. Ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai mota ta gaya maka. Masara ta yi tsawo hagu da dama har ba a hango komai bayanta, kuma akwai wani yanki da in an kai kowa ke yin shiru ba tare da an ce a yi ba, don tsoron 'yan bindiga. Direbanmu ya kashe rediyo, ni na kama carbi. Shingen jami'ai kuwa na daina ƙirgawa. A Sheme muka saki numfashi, muka ci waina da miyar taushe a tsaye gefen titi. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai tuyar ta ce in tambayi masu shinkafa. Ban iya cinyewa ba, idona na kan rana.

Mun taki sa'a ranar kasuwar 'Yankara ce. Buhunan masara sabuwa, awaki, Fulani mata da ƙoren nono, ga masu babura na kutsawa ta inda ko akuya ba ta bi. Can bayan 'yan tireda muka samu mai fosta, ya baje hajarshi a ƙasa ya danne da duwatsu. Yana da na gem kam, kuma da araha, kuɗin kwanon fura. Sai dai duk ƙarti ne masu damatsa kamar turmi, kowa da bindiga, da wasu mata da kayan jikinsu ba su kai ɗankwalina ba. Na ce mashi ina son wanda babu mutum, babu dabba, babu tsuntsu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, to ai wannan bango ne. Bango kuma kina da shi a gida."

Shi ne dai ya yi mamu kwatancen wani mai buga kalanda a Faskari, ya ce in muna da hoton a waya zai fitar mamu da shi kowane girma.

Mun isa Faskari rana ta take. Shagon ɗan ƙarami ne, bango duk kalandun biki da fostocin saukar karatu, janareta na ihu a ƙofa. Mai shagon mutum ne mai fara'a da saurin hannu. Abokin Auta ya tura mashi hotuna uku da ya samo a intanet: wani dutse mai hazo, wata gada kan kogi, da kangon birni da rana ke faɗuwa bayanshi. Ya tambayi na wane ne, na ce ɗakin ƙanina nake gyarawa, jibi zai shiga. Ya tambayi sunanshi, na faɗa. Ya ce mu je mu yi salla mu ci abinci, kafin mu dawo ya gama. Muka tafi muka ci ɗanwake mai yaji har ina ta yaba mashi a raina.

Da muka dawo ya warware mani na farko yana murmushi. Dutsen na nan. Amma an zagaye shi da jajayen furanni da zobba biyu a sarƙe, ƙasa an jera watannin shekara, sama kuma da manyan haruffa masu ruwan zinari an rubuta Allah ya ba da zaman lafiya. Ga sunan Auta, an sa mashi ango. Gefenshi an rubuta amarya, an bar gurbi fari. Ya ce ya manta bai tambaye ni sunanta ba, in faɗa yanzu ya cike da hannu.

Jama'a, sai na zauna kan benci. Mutumin bai yi don mugunta ba. A ƙasarmu wa ya taɓa ganin yayar saurayi ta yi tafiya don gyara mashi ɗaki in ba aure ba? Duk wadda ta taɓa shigo mashi da irin maganata kalandar biki take so, shi ya sa bai ga abin tambaya ba. Amma ni gurbin nan nake kallo, ina tuna Auta kwance yana kallonshi safe da yamma. Na yi kuka a shagon mutane, ba na ɓoyewa. Da ya ji labarin ya yi ta salati yana ba ni haƙuri, ya ce zai sake. Ya duba, takarda mai sheƙin ta ƙare, sai an kawo daga Funtuwa wani satin. Kuɗin takarda kawai ya karɓa. Kalandun muka bar mashi, ya ce zai liƙe sunan, akwai bikin da ke tafe, angon ba mai yawan tambaya ba ne.

Direbanmu ya ce mu juya gida tun da sauran rana. Ni kuma na kasa cewa to. Nan abokin Auta ya ce wanda ya sayi kayan shagon a Sabuwa yake, kuma in bai goge ba, wasan Auta na nan cikin na'urar daidai inda ya tsaya. Ana iya ɗauko hoton daga ciki, ya fi na intanet kyau. Muna da gwaggo a Sabuwa, akwai wurin kwana. Direba ya dubi sama, ya dubi mai, ya dube ni, ya ce in matarshi ta kira ni zan amsa.

Ta wajen Ɗandume muka bi, hadari na biye da mu. Gonakin rake da na shinkafa, yara na ɗaga gasasshiyar masara a kowane kwana, ba mu tsaya wa kowa ba. Kowane babur da ya fito daga cikin gona sai in bi shi da ido har ya wuce. Mun shiga Sabuwa ruwa na fara sauka, ana kiran la'asar. Gwaggo ta yi mamu faɗa tukuna, sannan ta kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu, ta ce ba ta taɓa jin an yi tafiya irin wannan don hoton da ba na ɗan'uwa ba.

Da safe muka samu sabon mai kayan, wani magidanci mai sanyin magana. Ya ce bai goge komai ba, shi ƙwallo kawai yaran garin ke bugawa. Aka tayar da janareta, aka kunna. Sai ga wani kwari kore shar, hanya ta ratsa ciyawa ta nufi wani dogon dutse, iska na kaɗa komai kamar gaske. Na tsaya baki buɗe. Ashe nan Auta ke zuwa in ya rufe shago. Amma tsakiyar hanyar akwai mutum tsaye, ya ba mu baya, da jaka a kafaɗa. Na ce a kawar da shi. Abokin Auta ya ce ai shi ne mai wasan, duk inda aka juya yana nan. Ya yi ta dabara har ya samo hotuna biyu da babu kowa, kogi da ganuwa. Na hanyar dutsen kuwa iyakar abin da ya iya shi ne ya ja baya har mutumin ya koma kamar tsawon ɗan yatsana.

Mai ɗaukar hoton fasfo na kusa da tasha ne ya buga mamu, a takarda mai kauri, kuɗin ukun bai kai abin da na Legas ya nema na aikowa ba. Na tsaya a kanshi kamar mai jiran gashi kada ya ƙone, na ce ko ɗigo kada ya ƙara. Ya ce zai iya goge ɗan mutumin a kwamfuta. Na buɗe baki zan ce goge, abokin Auta ya ce a hankali, "Yaya, nan ya tsaya ranar da zai fita da babur ɗin." Na ce a bar shi.

Dawowa muka zaga ta Funtuwa da Malumfashi, hanyar ta fi tsawo amma hankali ya fi kwanciya. Nawa dai bai kwanta ba. Hotunan na naɗe cikin leda kan cinyata, ina ta saƙa abin da zai faru. Baba yana da al'ada: duk kalanda ko kwalin da ya shigo gidanshi da hoton mai rai, sai ya ɗauki alƙalami da tawada ya ja layi a wuyanshi, shi ke nan ya zama ba mai rai ba. Haka muka taso, littattafanmu na firamare duk yankakku ne. Na ce ko dai in ɓoye na ukun, ko in bari a yanka mutumin Auta a gaban idonshi. Har muka wuce Ƙetare ban yanke shawara ba. Da muka isa na liƙa duka ukun, na hanyar dutsen a saitin fuskarshi.

Washegari da hantsi aka kawo shi. Maza huɗu suka shigo da shi suka kwantar. Ya rame har na kau da kai. Ya juya bango kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Idonshi bai bar wurin ba. Sai ga Baba ya shigo, ya duba kogin, ya duba ganuwar, ya matsa kusa da na ukun ya gyara tabarau. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya fita ya dawo da alƙalami da 'yar kwalbar tawada. Ya tsoma, ya ɗaga hannu, ya daɗe a haka.

"Wanga mutum ina ya nufa?" ya tambaya, bai juyo ba.

Sai na ji muryar da na yi wata da watanni ban ji ba.

"Bayan dutsen akwai gari, Baba. Ban kai ba."

"Da nisa?"

Auta ya ce da nisa, sai an tsallake ruwa, kuma gadar ta karye, sai an zaga. Baba ya ce ta ina ake zagawa. Ya jawo buzunshi ya zauna bakin katifa, Auta na nunawa da yatsa yana bayani, yana haki yana ci gaba. Ni na fita tsakar gida don kada su ga fuskata.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Hoto mai araha yana nan, ba sai Legas ba, in kana da wanda ya san inda zai ciro shi kuma ka tsaya kan mai bugawa har ya gama. In za ka gyara wa saurayi ɗaki, ka faɗi dalili tun daga ƙofa. Kuma na yi shekaru ina cewa na san ƙanina, ban san inda yake zuwa ba sai a Sabuwa. Likita bai yi mamu alkawarin zai taka kamar da ba, muna dai roƙon addu'arku. Da azahar Baba ya fito, tawada ta bushe a bakin alƙalamin, ya miƙo mani ya ce in mayar zaure. Na tambaye shi hoton fa. Ya ce mutumin ya ba da baya, ba a ganin fuskarshi, a bar shi ya ƙarasa.