Ɗan Kunnen Wule

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da sandar karatu ta yi kuka sau biyu a kunnen Wule. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kun riga kun san kukanta: ɗaya gajere idan saniya lafiya take, biyu masu tsawo idan akwai magana a kanta. Ina jin na biyun na san akwai magana, tun kafin in duba fuskar na'urar. Madarar wannan saniyar na sha da safen nan, da ɗuminta, kuma ina ɗauke da ciki wata huɗu.

Madam manaja ce ta ce in rubuta muku abin da ya faru. Sunana Rahila, iyakar karatuna sakandare. A ɓangaren tumaki na fara aiki a gonar nan ta bayan Kuje, farkon bana aka dawo da ni wajen shanu. Saboda wanda bai san aikin ba: kowace dabba a gonar tana da ɗan maɓalli rawaya a kunnen hagu, makiyaya suna ce masa ɗan kunne, mu ma haka muke cewa. A cikinsa akwai lamba, kuma babu dabba biyu masu lamba ɗaya. Idan na kai sandar kusa da kunnen, sai lambar ta fito tare da duk abin da aka rubuta a kan dabbar a kwamfutar ofis: ranar haihuwarta, uwarta, nauyinta, alluran da aka yi mata, gwajin da aka yi mata. Madam ce a sama, sai Dakta Hannatu likitar dabbobi, sai mu masu sanda, sai makiyaya a ƙarƙashin Baffa Buba. Dokar aikin kuma ita ce, duk dabbar da ta bar gona, sayar da ita aka yi ko mutuwa ta yi, a cire ɗan kunnenta a kai ofis, a karanta shi karatun ƙarshe, a rufe shafinta.

Ranar Talata ce a watan jiya, ranar awon nauyi. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk caɓi. Shanu suna shiga lungun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a gefe ina karantawa. Da na duba na'urar sai na ga jan rubutu: Bakkale. A keɓe ta. Kada a sha madararta.

A horon da aka ba mu an yi mana bayanin bakkale. Ciwo ne da yake sa saniya ta yi ɓari, mutum kuma yana ɗaukarsa ta ɗanyar madara. Mai ba da horon ta ce mace mai ciki ta fi kowa buƙatar kiyayewa. Ni kuwa bara na yi ɓari, har yau ban gama warkewa a zuciya ba. Da wannan cikin ya zo, komai na ci sai ya dawo. Inna, matar Baffa, ita ta fara lura. Kullum da safe idan na biyo ta bayan gona inda bukkokinsu suke, sai ta tare ni da ƙoƙon ɗanyar madara. Ta ce Wule ce ta fi kowace saniya madara mai kauri, wuta kuma tana kashe ƙarfin madara. Madarar nan ce kaɗai take zama a cikina. Na fi wata guda ina sha.

Na sake kai sandar. Kuka biyu. Na goge ɗan kunnen da bakin zanena, ko caɓi ne, na sake kaiwa. Kuka biyu. Na zauna a kan bokitin gishirin shanu.

Baffa ya zagayo yana riƙe da sandarsa ta kiwo a bayan wuya. Ya ce, "'Yata, sandarki ta gaji ne? Shanu suna jira."

Na ce, "Baffa, Wule tana da bakkale."

Ya dubi saniyar, ya dube ni. Ya ce, "Wa ya faɗa?"

"Kwamfuta."

"Kwamfuta ta taɓa tatsar Wule? Dube ta fa. Maraƙinta ga shi can yana tsalle."

Na ciro wayata. Na kira Dakta Hannatu. Tana Lugbe, ta shiga cunkoson hanyar filin jirgi. Ta ce in sa a ware Wule da maraƙinta, a zubar da madarar da aka tatsa daga gare ta, kada kowa ya taɓa. Sai ta ce, "Me ya samu muryarki?" Na gaya mata. Ta ce, "Zauna a inuwa. Kada ki hau babur ki tafi ko'ina. Ina zuwa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Duk ɗan motsin da na ji a marata sai in ce shi ke nan, ya fara. Ban san sau nawa na shiga banɗaki na duba kaina ba. Labari ya kai wa Inna, ta zo ba ko takalmi, ta durƙusa a gabana ta riƙe ƙafata. Ta ce, "Ɗiyata, da hannuna na ba ki." Ni ce ma na koma ina ba ta haƙuri.

Da Dakta ta iso, ba ta fara da ni ba. Ta karɓi sandar ta karanta da kanta, ta tsaya tana bin rubutun har ƙasa, abin da ni tsoro bai bar ni na yi ba. Sai ta sa safar hannu, ta ce a riƙe mata kan saniyar, ta buɗe bakin ta duba haƙora.

Ta ce, "Baffa, shafin nan ya ce tsohuwar saniya ce mai haihuwa shida. Wannan kuwa ko haƙoranta ba su gama fitowa ba. Wace ce wannan?"

Baffa ya ce, "Wule ce."

"Wule na gwada bara, na ce a fitar da ita daga garke. A gabana aka sa ta a mota."

"Wannan uwar ke nan. Wannan 'yar."

"Ita ma Wule?"

"To, wa za ta zama? 'Yar Wule ai Wule ce. Kakarta ma Wule ce, tun muna can ƙauye."

A nan na fara sanin abin da ya kamata a ce na sani tun ranar da na shigo wajen shanu. Su Baffa ba sa raɗa wa maraƙa sabon suna. Sunan uwarta take ɗauka, ita ma ta ba 'yarta, haka gida yake tafiya. Ranar da aka zo ɗaukar tsohuwar, Baffa ya cire ɗan kunnenta kamar yadda doka ta ce, amma bai kai ofis ba, ya ƙulle shi a aljihun rigarsa. Ofis ma ba wanda ya tambaya, shafin ya zauna a buɗe da jan rubutunsa. Ana saura mako guda awon, ɗan kunnen 'yar ya maƙale a wayar shinge ya tsinke, ya ɓace a ciyawa. Baffa ya ga ranar awo ta kusa, bai so a ce saniyarsa ba ta da lamba. Ya ari filaya a sito, ya samu sabuwar ƙusa a cikin kwali, ya maƙala mata na uwarta.

Ya ce, "Kayan uwarta ne. Wa ya fi ta cancanta?"

Dakta ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce, "Baffa, ɗan kunnen nan ba na gado ba ne. Saniya ɗaya, lamba ɗaya, ko da sunansu ɗaya su goma."

Na ce, "Dakta, ke nan ba komai?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Ban ce ba tukuna. Uwar tana da ciwon, 'ya kuma tana iya ɗauka tun a ciki ko a nono, ya kwanta bai nuna ba sai ta girma." Ta bi shafin uwar ta nemo tsohuwar lambar 'yar. An gwada ta bara, ba a samu komai ba, amma tun da ta haihu ba a sake ba. Ta ɗebi jinin saniyar a wuya, ta ce za ta duba a nan, ta kuma aika wani ɗakin gwaji a cikin gari don a tabbatar. Ni kuma ta rubuta mini sunan gwajin da zan ce a yi mini a asibiti, ta ce in kira maigidana.

Maigidana Yohanna yana gyaran mota a Lugbe. Ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu. A hanya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. A asibiti wata sista ta karanta takardar ta ce, "Madam, ke makiyayiya ce?" Na ce kusan haka. Suka ɗebi jini, suka ce in dawo jibi.

Kwana biyun nan ba na son tuna su. Ban je aiki ba. Ko shayi aka kawo mini sai in tambaya me aka zuba. A waya Dakta ta gaya mini gwajin farko na saniyar ya fito lafiya, saura na cikin gari. Ta ce Madam ta so sallamar Baffa, ita ta hana, ta ce ofis ɗin da ya yi wata da watanni bai nemi ɗan kunnen saniyar da ya fitar ba, shi ma da nasa laifin. Baffa ya aiko mini da gaisuwa, ya ce ya ji kunyar zuwa.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan ba shi da yawa. Idan sanda ta yi kuka biyu, ku karanta shafin har ƙarshe, sannan ku ɗaga kai ku dubi dabbar da ke gabanku, ku ga ko ita ce. Na'ura ɗan kunne take karantawa, ba ta ganin kunnen da yake maƙale a jiki. Idan makiyayi ya gaya muku sunan saniya, ku tambaye shi uwar ce ko 'yar. Ba ya ɓoye muku komai, shi a wajensa amsar a fili take. Idan dabba ta bar gona, ku bi ɗan kunnenta da ƙafarku ranar, kada ku jira a kawo, domin mutumin da ya yi shekaru yana kiwon saniya ba ya sakin abinta da sauƙi. Madara kuma ku tafasa, ko wa ya ba ku, ko da wace irin ƙauna ya ba ku.

Ranar Alhamis muka koma. Muna kan bencin jira Dakta Hannatu ta kira, ta ce sakamakon cikin gari ya zo, Wule ƙarama ba ta da komai. Na ce mata na gode, amma ban sake ba, nawa nake jira. Aka kira sunana ana kiran sallar azahar a masallacin bakin ƙofa. Likitan ya duba takardar, ya tambaye ni ko ina zazzaɓi ko zufar dare ko ciwon gaɓoɓi. Na ce babu. Ya sa na kwanta aka duba cikin da na'ura, ya juyo mini da hoton ya nuna mini wani ɗan wuri yana motsi. Ya ce in dawo a sake gwajin jinin a awon cikina na gaba don hankali ya kwanta, in kuma zo da wuri idan na ji zazzaɓi.

Na ce, "Likita, ka gaya mini a fili."

Ya ce, "Jininki lafiya, cikinki lafiya. Tashi ki tafi gida ki ci abinci."

Tun safiyar Talata ban yi kuka ba, sai a kan gadon nan. Yohanna ya durƙusa ya sa mini takalmina, likitan kuma ya ce wa sista ta bar mu tukuna, wanda yake bayana a layi ya ɗan jira.