Fiyus ɗin Ofishin Darakta

Har na yi ritaya ban manta da ranar da mitata ta tona asirin Darakta ba. Lokacin ina mataki na shida, ni ne mai gyaran wuta na wata ma'aikata a Birnin Kebbi.

Sati biyu ke nan fiyus ɗin ofishinsa yana ƙonewa, kullum bayan azahar. Fiyus wata siririyar waya ce da ke narkewa idan wutar da ake ja ta fi ƙarfinta, don kada gini ya kama. Nasa na amfiya goma sha uku ne. Darakta ya fitar da sanarwa ya hana kowa amfani da hita a ma'aikata, masinjoji suka daina shayi, amma fiyus bai daina ƙonewa ba. Sai laifin ya dawo kaina.

"Malam Umaru," in ji shi, "in wutar ga ta sake ɗaukewa gobe, takardar tuhuma za ka amsa, kuma in tura ka Augie."

Ni kuwa iyalina duk suna Birnin Kebbi.

Washegari ana idar da salla na shiga da mitata ta awon wuta. Na roƙe shi aka kashe fanka da kwamfuta da ɗan firij da fitilu. Ya kamata mita ta nuna babu. Sai ta nuna amfiya goma, ƙarfin wutar kuma bolt ɗari biyu da ashirin.

Na ɗauki biro. Idan ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat, wato yawan wutar da abu ke sha: dubu biyu da ɗari biyu. Idan ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiyar abin: om ashirin da biyu. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san abin da ke shan wuta haka, zafi yake yi. In ya haɗu da sauran kayan ofis kuwa, dole a wuce amfiya goma sha ukun.

Na ce, "Yallaɓai, lissafi ya nuna ana girki a layin ga."

"Girki? A ofishina? Mi kake nufi?"

"Ba ni na faɗa ba, yallaɓai, mita ce."

Ya kira sakatariyarsa, Madam Rahila, ya hau ta da faɗa. Ta saurara har ya gama, sannan ta je ta buɗe ƙofar ɗan ɗakin hutawarsa. Ƙamshi ya cika ofis. Ga risho na lantarki, tukunyar farfesun kifi tana tafasa a kai. Ashe uwargidansa ce ke aiko masa daga Argungu, shi da kansa yake ɗumamawa.

Darakta ya kalli tukunyar. Ya ce, "Wannan ai risho ne. Hita na hana."

Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai."

Da yamma na ja wa ɗakin layinsa daban da waya mai kauri. Ba a sake maganar Augie ba, masinjoji kuma suka koma shan shayinsu.

Ku matasa da kuka shigo aikin nan, in babba ya ɗora muku laifi, kada ku yi gardama. Ku auna, ku rubuta lissafin a gabansa, ku yi shiru. Waya ba ta san matakin albashin kowa ba, amma ku kun sani, don haka ku bar wani ya buɗe ƙofar.