Hassana da Usainar Audu Jirgi

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada a zamaninmu ya san Audu Jirgi ba ya gaida kowa da safe sai ya gaida ƙafafunsa. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya miƙe su, ya shafa ta dama ya ce, "Hassana, an tashi lafiya?" Ya shafa ta hagu ya ce, "Usaina, yaya sanyi?" Sai ya ɗan kasa kunne kamar suna amsawa, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗago ya ga mutumin da ke tsaye tun ɗazu da sallama a baki. Ni dai ban taɓa raga masa ba. Taubashina ne, ubana da uwarsa ciki ɗaya, saboda haka tsokanarsa gadona ce, ba mai hana ni. Nakan ce masa mutane na haihuwar tagwaye su yanka raguna biyu, shi ya samu nasa a ɓagas. Sai ya ce, "Kande, naki 'ya'yan sun taɓa kai ki Bukuru su dawo da ke?"

Ku yaran yanzu kun san shi ne yana sayar da ƙusa a kasuwar Katako, amma asalinsa masinja ne a kamfanin kuza. A can ya samo sunan Jirgi, don a guje yake kai saƙo da ƙafa. Baturen da yake yi wa aiki ya taɓa ba shi keke don kai saƙo tsakanin sansanonin haƙa, Audu ya jingine keken a bayan ofis har tayoyin suka sace, wai keke ɓata lokaci ne, yau faci gobe iska. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wata jar suwaita mai kauri. To, wannan suwaita ita ce ta zama fatarsa ta biyu. Da sanyi da zafi, da biki da zaman makoki, tana jikinsa. In matarsa Talatu tana son wanke ta, sai ta bari ya shiga wanka ta sace.

Bayan kuza ta ja baya ya koma Katako, gudun bai bari ba. Kullum za ka gan shi da gajeren wandon kaki, da suwaitar nan, babbar rigarsa a naɗe a kai kamar gammo, yana ta sharar hanya. Mota kuwa haram, ko kyauta ce. Direbobin bas sun sha kiransa ya hau ba sai ya biya ba, shi kuwa ko waiwaye ba ya yi, sai dai ya ɗaga musu hannu ya ce su gama jiran fasinja su same shi a can. Abin haushin, sau da yawa a can ɗin suke samunsa, har ya buɗe rumfa ya sa riga.

Maƙo kuwa, kai, Allah ya jiƙan Audu! Hassana ta fi Usaina cin takalmi, don da ita yake dira. Duk lokacin da kambas ɗin dama ya mutu, sai ya je wurin 'yan gwanjo ya tsuguna yana tona buhu har ya samo wari ɗaya wanda ɗan'uwansa ya ɓata, ya saye shi a wulaƙance. Na hagun kuwa tun na zamanin kamfani ne, an yi masa faci da taya har ba a gane asalin launinsa. Na ce masa Audu ka ji tsoron Allah, kai da bakinka ka ce tagwaye ne, kuma ka san yadda kakarmu take faɗa, ba a yi wa ɗan biyu abu a bar ɗan'uwansa. Wanda ya bambanta su, ko tukunyarsa ta ƙi tafasa ko kunama ta same shi a shimfiɗa. Ya ce ai Usaina mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi irin namu masu sayar da masa.

Rigima ta taso ne bayan an aurar da babbar 'yarsa. Surukin yaro ne mai ladabi, ɗan gidan mutunci, kuma hanyarsa ta zuwa aiki ita ce hanyar Audu. Duk sanda suka haɗu, yaron nan sai ya sauka daga kan kekensa ya durƙusa a gefen titi don gaisuwa. Audu kuwa ba ya tsayawa in ya fara gudu, wai jini zai huce. Sai ya riƙa zagaya yaron a guje yana amsawa, lafiya lau, yaya gida, yaya mutanen gidan, madalla, yaron na durƙushe yana juya kai yana neman fuskar surukinsa. Da idona na gani, na yi dariya har zanina ya kusa kwancewa. Talatu ba ta yi dariya ba. Ta zo wurina da hawaye, ta ce dangin miji sun fara yi wa 'yarta gori, wai ubanta na yawo da cinya a waje, gemu da furfura. Ta ce ko ya bar gudun nan ko ta haɗa kayanta.

Ana cikin haka, shekara ɗaya ko biyu kafin soja su mayar da mulki, aka yi shela a rediyo za a yi gudun yada-ƙanin-wani a cikin Jos, mil ashirin da wani abu, duk mai jin ƙarfi ya fito. Audu ya tara mu a tsakar gida, ni da Talatu da amininsa Pam, mai rumfar katako kusa da tasa. Ya ce ga sharaɗi, mu ne shaidu. In ya kai ƙarshen gudun nan, ko da shi ne na baya, kada wanda ya sake yi masa maganar wando ko suruki. In kuwa bai kai ba, ya bar gudu har ya koma ga Allah. Talatu ta yarda nan take. Ni ce ma na ce ya sake tunani, don na san in aka raba Audu da gudu an raba shi da rabin ransa. Ya dube ni ya ce wanda ya yi shekaru yana tsere da motocin kuza ba zai ji tsoron 'yan makaranta ba.

Ranar ta faɗo a cikin bazara, gab da saukar ruwa, lokacin da ko Jos ɗin da muke taƙama da sanyinta takan yi zafi. An ce za a tashi da sanyin safiya, amma babban baƙon da zai ba da izinin farawa bai iso ba sai da rana ta take. Pam ya ba ni labari cewa tun a filin 'yan gudu suke neman inuwa, sojoji da 'yan sanda da ɗalibai duk sun tuɓe sai singileti, Audu kaɗai ne a tsakiya da jar suwaita. Pam ya roƙe shi ya cire, har ya kama hannun rigar. Audu ya fizge ya ce abin da ya tsare shi daga sanyi shi zai tsare shi daga rana. A ƙafar dama akwai wani farin kambas da ya samo a satin, yana ta ƙyalli. A hagu kuwa tsohon nan ne dai.

Ni a lokacin a Gada Biyu nake suyar masa, kuma ta nan za su biyo a kan hanyarsu ta komawa fili. Sojoji suka wuce. Ɗalibai suka wuce, wasu na tangaɗi. Har wani siririn mutum mara takalmi ya wuce yana taunar rake. Can sai ga jar suwaita ta ɓullo, jama'a suka ɗauki ihu, Jirgi, Jirgi! Ya haye gadar farko lafiya lau, kai a sama, har yana ɗaga wa mutane hannu. Daga nan sai na ga tafiyar ta sauya. Ƙafar hagu ta fara jan ƙasa kamar an ɗaura mata turmi, ta dama ta bi sahu. Ina jin sa yana lallashinsu, haba Usaina, haba Hassana, ga fili can, ku rufa mini asiri. Ko a jikinsu. Duk faɗin garin Jos, bai tashi zubewa ba sai a gaban tandata.

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, har dariyar ta taho. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Kande, saurara ki ji," in ji shi. "Ko haki ba na yi. Ƙirjina lafiya, kaina lafiya. Su ne suka ƙi."

Gaskiya ya faɗa, numfashinsa kamar na wanda ya tashi daga barci. Ya yunƙura, suka lanƙwashe. Ya dafa kafaɗar wani yaro ya sake yunƙurawa, suka sake lanƙwashewa. Yana kallon gada ta biyu, ga ta nan ko jifa aka yi za ta kai, amma ta gagara. Wallahi nan take dariyar ta mutu, tausayinsa ya kama ni har na bar masar da ke tanda ta ƙone. Pam ne ya turo amalanken katako muka ɗora shi. Mutumin da ya ƙi keke ya ƙi mota, ranar a amalanke ya shiga Tudun Wada, ya ja suwaita ya rufe fuska.

Kwana biyu ƙafafun suka warware sarai, kamar ba su ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, sai ya shiga neman dalili. Ya je wurin wani likita, aka ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar guduma, aka matsa nan aka matsa can, likita ya ce bai ga komai ba, wataƙila rana ce da shekaru. Audu ya ce rana a ka take duka ba a ƙafa ba, shekaru kuwa ai rana ɗaya aka haifi kansa da ƙafafunsa, me ya sa kan bai gaji ba? Pam ya ce suwaita ce. Audu ya ce, "A ƙafa na sa ta?" Wani ya ce sammu ne, Audu ya ce wa zai ɓata layarsa a kan mai sayar da ƙusa. Ni kuwa na ce ai na gaya maka, Usaina ce ta yi fushi da farin kambas, 'yar'uwarta ta taya ta. Kowa ya ba shi amsa ya mayar, tawa ce kaɗai bai mayar ba. Ya dai harare ni ya tashi.

Daga ranar ya ɗaura gaba da su. Ya daina gaishe su, ya daina shafa musu man zafi, in zai ambace su sai ya ce "waɗancan". Har limamin unguwa ya zo da kansa, rabi wasa rabi gaske, ya tuna masa cewa gaba ba ta wuce kwana uku. Audu ya ce ya sani, amma mai laifi ne ke fara sallama, yana nan yana jira. Ya ma fara shiga bas. Sai ya zauna a gaba ya miƙe su, ya ce to ku huta, tunda hutu kuke so.

Talatu da ta ci nasara ita ta fara nadama. Ta ga mijinta ya koma tafiya a hankali kamar kowa, da dogon wando, ba ya ko tsokanata in na tsokane shi. Ta same shi ta ce ta yafe sharaɗin, ya je ya yi gudunsa, surukai su ce abin da za su ce. Pam ya ce shi ma ya janye shaidarsa, ni ma na ce na janye tawa. Audu ya ce ba da mu ya yi alkawari ba, da bakinsa ya yi. Bai sake gudu ba, ko ruwan sama ne ya tare shi a hanya sai dai ya jiƙe.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, bayan shekaru masu yawa, ƙafafun ne suka fara kumbura. Wata rana da hantsi ya aika a kira ni. Ya ce in je kanti, ba gwanjo ba, in sayo masa kambas sabo fil, ƙafa biyu iri ɗaya, kuma kada in yi ciniki. Na ce lallai Audu jikin ya yi tsanani. Na kawo, ni da Talatu muka sa masa da ƙyar, ko igiyar ba ta ɗauru ba. Ya sa aka tayar da shi zaune, ya daɗe yana kallon su. Sai ya miƙa hannu, kuma ta hagu ya fara shafawa.

"Usaina, an wuni lafiya? Hassana, yaya jiki? Kun ɗauke ni tun ina yaro ba ku taɓa cewa uffan ba. Rana ɗaya tak kuka ce kun gaji, na kira ku maciya amana. Ku yafe mini."

Talatu ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa ya waiwayo ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Kada ki je ki ce na yarda da maganarki. Har yanzu ban san dalili ba."

Takalman nan ba su taɓa taka ƙasa ba. Suna nan a ɗakin Talatu, a kan jar suwaitar, ƙasansu fari tas.

Allah ya jiƙan Audu, ya yafe masa, ya sa ya huta. Gada ɗaya ta gagare shi a duniya ina kallo. Ya Allah, ranar da za a hau siraɗi, ka ƙarfafa masa Hassana da Usaina, ka sa ya ƙetare a guje.