Wata Biyar a Cikin Buhun Wake

Shekarun baya, lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, na tafka wata wauta da har yau ban manta da ita ba. Yanzu da komai ya wuce bari in ba ku ku yi mini dariya, don ni a lokacin ko murmushi ban iya ba.

Bayan an gama kaka aka kira mu bita a cikin gari. Wasu malaman jami'a ne ke bincike a kan koya wa yara karatun Hausa da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan kamar allo. An zuba darussa a ciki, har da murya mai furta baƙaƙe da wasula. Bitar ta yini ɗaya ce, rabinta da Turanci, ni kuwa ina can baya ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Abin da ya shiga kunnena sosai shi ne maganar wani jami'in ilimi da ya miƙe a ƙarshe ya ce, "Kayan nan amana ne. Duk wanda ya fasa ko ya ɓatar, ya kuka da kansa." A shekarun nan kuwa ba abin da malamai ke tsoro kamar tantancewa da kora. Muka sa hannu, aka miƙa wa kowa tasa, haɗe da takardar da zai riƙa cikewa duk ranar da ya yi darasi da ita.

Na taho da ita gida a rungume. Ajina ba shi da ƙyaure. Gidanmu kuma gidan yawa ne, yara ko rediyo ba sa bari ta kwana lafiya. Sai na tuna dabarar mahaifiyata. Ita in tana da abu mai daraja, cikin buhun hatsi take tura shi. Takan ce ɓarawo zai ɗaga katifa, zai fasa akwati, amma ba zai tsaya zazzage buhu ba. Na naɗe na'urar da wayar cajinta a leda, na shiga ɗakin ajiya ba wanda ya gan ni, na kwance bakin ɗaya daga buhunan wakenmu uku, na cusa ta har tsakiya, na mayar na ɗinke.

Niyyata in hankalina ya kwanta in fito da ita. Yau, gobe, jibi, har wata biyar. Na ci gaba da allina da baƙin allona. Takardar nan kuwa, Allah Ya yafe mini, duk Juma'a sai in zauna in cike ta tsaf: Litinin na yi, Talata na yi, Laraba na yi.

Wata Juma'a da bazara hedimastanmu ya kira ni ofis. "Malam, ranar Litinin mutanen jami'a za su zo su zauna a ajinka, su ga yadda kake aiki da na'urar nan. Ka tabbata ka yi mata caji."

Na ce to, ranka ya daɗe, na fito.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin ajiya da wuƙa a hannu zan farke ɗinki. Wayam! Ba buhu ko ɗaya, sai shatinsu a ƙasa. Na fito tsakar gida na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe.

"Inna, ina waken?"

"Tun da asuba maƙwabcinmu ya wuce da shi kasuwar Dawanau a a-kori-kura. Damina ta gabato, ba sai an sayi taki ba?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san sanda na zauna a kan turmi ba. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Kai, lafiya? Ko mutum ka binne a ciki?"

Na ce, "Inna, aikina ne a ciki."

Abokina, malamin aji biyar, shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Tun daga ƙofar gida har bakin kwalta bai daina yi mini tsiya ba. "Kai da ka yi kwalejin ilimi, ka rasa inda za ka ajiye kwamfuta sai cikin wake? To ai da ka zuba manja da gishiri." Abin da nake gani a idona kawai takardar kora ce, da yadda zan shigo ƙauye a ce ga malamin da ya sayar da kayan gwamnati. Wa zai yarda mantuwa ce?

Duk wanda ya san Dawanau ya san neman buhu ɗaya a cikinta neman allura ne a cikin ruwa. Buhu a kan buhu har rufin rumfa, tireloli a jere, 'yan dako suna ta gudu da kaya a ka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfen nan mai tsini da masu saye ke soka wa buhu don su ga ƙwaya. Duk buhun da aka caka a gabana, sai in ji kamar a haƙarƙarina ne.

Da ƙyar muka sami maƙwabcinmu, ya kai mu wajen dillalinsa, wani dattijo mai farin gemu. Dattijon ya ce ai tuni an sayar wa wani Alhaji da ke lodin tirela za ta Kudu. Muka zuba da gudu. Abu ɗaya ya cece ni: mahaifiyata ba ta barin buhunta ba alama, sai ta ɗaura tsumman tsohon shuɗin zaninta a kunnensa. Ina isa na hangi tsumman nan yana reto a kan wani ɗan dako, saura taku kaɗan ya hau katakon lodi.

"Tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Alhajin ya taso yana huci. "Kai kuma waye? Kayan da na saya?"

"Alhaji, ajiyata ce a ciki. Ka yi wa Allah a buɗe."

"Wace irin ajiya ce a cikin wake?"

Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Buhun farko aka farke, babu. Na biyu, na zura hannu har kafaɗa, na ji leda. Ina jawowa wayar cajin ta fara leƙowa, baƙa, tana lilo. Sai wani daga baya ya ce, "Kai jama'a, waya ce fa a jiki! Mene ne wannan?"

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ashe sun ɗauka bam ne. Na gaba suka watse, na baya suka fara ɗaukar itace. Kun san abin da mutanenmu suka gani a kasuwanni a baya, ba wanda zai tsaya tambaya. Ga abu a hannuna na kasa ajiyewa. Abokina ne ya ɗaga katin aikinsa sama yana ihu, "Malamin makaranta ne! Kwamfutar yara ce!" Dattijon dillalin ya ratso mutane a hankali, ya karɓi ledar daga hannuna, ya warware ta a gaban kowa, ya ɗaga. Sai wuri ya kaure da dariya. A jikin rigar na'urar akwai wani dogon karce, inda ƙarfen nan ya goge ta ya wuce.

Na ɗauka na tsira. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar Litinin wata malamar jami'a ta zo, dattijuwa mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta karɓi na'urar, ta ga ba caji, ta jona ta da batirinta. Tana buɗe rigar sai ga ƙwayar wake biyu sun gangaro kan tebur. Ta dube su, ta dube ni. Da na'urar ta kawo wuta, sai ta nuna shafin farko na maraba, wanda ke fitowa in ba a taɓa buɗe ta ba. A ɗaya hannun malamar kuma ga takardata, cike fal da "na yi, na yi".

Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga bita har Dawanau.

Ta ce, "Tashi, Malam, ni ba sufeto ba ce, ba kuma kora ta kawo ni ba. Ba kai kaɗai ba ne, na tarar da wadda aka ɓoye a cikin kwalla. Rabin laifin namu ne. Mun gaya muku abin da zai same ku in ta fashe, ba mu tsaya mun ga kun iya kunna ta ba." Sai ta ɗaga takardar. "Amma wannan ita ce ta ba ni tsoro. Da na yarda da ita, da na rubuta cewa an yi wata biyar ana darasi da na'ura, yara ba su ƙaru da komai ba. Da sai a ce ba ta da amfani, a janye ta daga makarantun ƙauye gaba ɗaya."

Ta zaunar da ni a kan bencin yara, ta kama yatsana ta nuna mini inda zan danna. Murya ta fito tana cewa ba, bi, bu. Yaran suka ɗauka baki ɗaya, har da wata yarinya a layin baya da tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba. Abin da na yi wata biyar ina gudu, ban yi rabin awa ba na iya shi.

Ba a kore ni ba. An sake mana bita da Hausa, kowa da na'urarsa a kunne a gabansa. Yau ni ma ina cikin masu koya wa sababbin malamai, kuma abin da nake fara ce musu shi ne su danna duk inda suka ga dama, in ta lalace a hannun yara ta yi mutuwar kirki. Sai dai har yanzu in na tuna, ba sandunan Dawanau ke hana ni sukuni ba. Maganar mahaifiyata ce, da na dawo ranar Litinin ɗin ina murnar aikina ya tsira. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba, ta ce:

"To, Malam, ka tsira. Ashe duk wata biyar ɗin nan wakena ne ke zuwa makaranta, 'ya'yan mutane suna zaune suna jiranka."