Gwaggo Mai Sharar Sashen Gaggawa

Duk sashen gaggawa na asibitin Gwaggo ake ce mata, amma ba don ƙauna ba. Shekara ashirin da biyu tana goge jini da amai a wurin, bakinta kuwa bai bar kowa ba, har likitoci. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu sun yi aure nesa. Abinci ma ita kaɗai take ci, a kan bokitin da ta kife a bayan ƙofa.

Ni daga jami'a aka turo ni in taimaka da yaran da ake kawowa hankalinsu a tashe: wanda ya haɗiyi ƙwayoyi, wadda ta yanki jikinta. Ran da na fara aiki ta dubi takardun hannuna ta raɗa mini suna Malama Biro. Ba ta taɓa amsa gaisuwata ba.

Akwai abin da take yi da ya tsaya mini a rai. Da an kwantar da irin yaran nan, sai ta faɗo ɗakin ba sallama, ta ɗaga katifa, ta zazzage kwandon shara, ta kwance igiyar labule, ta sa yaro ya cire takalmi, tana yi tana mita. A ganina firgita su take yi. Na kasa yi mata magana ido da ido, sai na kai ƙararta wurin babbar nas a rubuce. Aka hana ta shiga ɗakin. Daga ranar, duk inda na taka sai ta bi da tsumma tana tsaki.

Wata Talata da hantsi wani uba ya kawo 'yarsa mai shekara goma sha uku, ta yanki hannunta da gangan, aka ɗinke. Likitan ƙwaƙwalwa sai la'asar zai iso, kafin nan tana hannuna. Na yi mata tambayoyina kaf, ta amsa a natse, har da murmushi. Ta roƙi a bar ta ita kaɗai ta ɗan yi barci. Na fito na ja ƙofa, uban ya tsaya a bakin ƙofar.

Gwaggo na goge baranda. Ba ta ko ɗago ba ta tambaye ni ko na duba takalman yarinyar. Na tuna mata cewa an hana ta wannan.

“Ni aka hana. Ke ma hana ki aka yi? Matsa, Malama Biro.”

Uban ya tare ta, ya ce mai shara ba za ta taɓa masa 'ya ba. Ta ture shi da sandar goge-goge har ya bugu da bango, ta shige. Muna ji yarinyar na zaginta, ita ma tana ramawa ba ragi. Can ta fito da ɓallin reza da ta zaro daga cikin takalmin, ta ajiye mini a kan takarduna, ta koma kan bokitinta.

Uban ya kai ƙarar Gwaggo, ya kuma ƙi janyewa, aka mayar da ita ɗakin wanki. Na rubuta shafi biyu ina kare ta. Da labari ya kai mata, ta aiko a gaya mini kar in ƙara sa ta a takarda.

Yarinyar ta kai la'asar, likita ya gan ta ya ba ta gado. Bayan kwana tara aka sallame ta. Da za su tafi ta tsaya a gabana, hannu naɗe da bandeji, ta tambayi ina tsohuwar nan. Na ce an canza mata wurin aiki.

“Ki faɗa mata ban yafe ba,” ta ce, sannan ta bi bayan babanta.