Awon Ranar Juma'a

A shekarun da kuɗin mai ya cika gari kuma soja ke mulki, kowane attajiri a Sakkwato gini yake yi. Ni kuwa sabon injiniya ne, kaina cike da boko, ba na jin maganar kowa.

Wani Alhaji mai masana'antar casar shinkafa a hanyar Kalambaina ya ba ni aikin ɗora bene a saman injinansa huɗu. Lokacin babu kwamfuta a kusa da mu, sai a wata jami'a mai nisa. Kafin ta faɗa maka ko ƙarafan benenka za su jure, sai ka rubuta mata jadawalin girgiza: sau nawa ƙasa ke kaɗawa a sakan ɗaya, kuma da wane ƙarfi a kowane mataki. A huda lambobin a kati, a aika da mota. Abin da ka ba ta kawai ta sani.

Na je awon girgizar ranar Juma'a da azahar, don da safiyar Asabar motar katin za ta tashi. Ma'aikata duk sun tafi masallaci, sai makaniken wurin, dattijo Kirista daga Filato, wanda kowa ke kira Baba. Ƙaramin inji ɗaya ke aiki.

"Injiniya, yau Juma'a ce," in ji shi. "Babban injin a kashe yake. Shi kaɗawarsa daban ce, a hankali take, a gwiwa nake jin ta. Ka dawo gobe."

Na ce masa ai lissafi ba da gwiwa ake yi ba. Na ninka abin da na auna sau huɗu, na cike jadawalina. Da Alhaji ya dawo ya ce, "Mi kaka jira, yaro?" sai na ce an gama.

Kwamfuta ta ce benen lafiya lau, aka gina. Ashe kaɗawar babban injin, wadda ban sa a jadawali ba, ta yi daidai da ta ƙarafan. Kullum yana jijjiga su, suna amsawa. Da kaka, aka jibge buhuna a sama, kusurwa ɗaya ta rufto a kan Baba. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Babu wanda ya tuhume ni, kowa cewa yake ƙaddara ce. Na yi makonni ina jin kunyar zuwa gaishe shi, har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Daga baya na daure na tafi gidansa a Gawon Nama bayan an sauko daga masallaci. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, na durƙusa a gabansa.

Baba ya dube ni ya daɗe, babu fushi a fuskarsa. Sannan ya gyara zanen da ya rufe dungulmin, ya ce, "Injiniya, yau ma Juma'a ka zo."