Kiltir ɗin Kakata

Shekarun baya, lokacin da siyasa ta dawo ƙasar nan bakin kowa ya buɗe, mu samarin Zangon Kwatano ba mu da aiki sai mafarki. Namu mafarkin shi ne wurin wasan kwaikwayo da kiɗa da zane. Mun gama gina shi a baki, har fenti mun shafa, alhali ko taku ɗaya na ƙasa ba mu da shi.

Kakata tana da lambu a Kajehun, kusa da filin jirgi. Tun rasuwar kakana ciyawa ta cinye shi. Na ja abokina, sarkin Faransanci, muka je roƙo.

"Hajiya, kiltir za mu yi a wurin," in ji shi.

Fuskarta ta washe. "Kiltir? Na ba ku, duniya da lahira."

Muka buɗe gidauniya. 'Yan zemijan, wato masu acaɓa, suka ba da abin da ya sawwaƙa, mata masu tuwo suka haɗa nasu, wani ɗan kasuwa a Ganhi ya aiko da siminti. Kullum da yamma nakan zauna a bakin ramin tushe ina kallon jirage suna tashi, ina jin tafin mutanen da ba su zo ba tukuna.

Rannan kakata ta kira ni ta miƙo mini ƙullin tsumma. "Maigida, ga gudummawata. Irin kuɓewar kakanka ne."

Ashe a Faransancin da ta tsinta wajen masu sayar da ganye, kiltir noma ne. Mu al'ada muke nufi, ita gona ta ba mu. Ga simintin mutane mun riga mun zuba.

Na durƙusa na warware mata. Sai ta ce, "Kai ni."

Muka je. Ta bi gefen tushen a hankali tana dogara sandarta, ni kuwa ina biye ina shirya yadda zan fuskanci Zango.

"Nan za a riƙa waƙa?"

"E, Hajiya."

"Kakanka da baki yake noma. Daga kunyar farko har ta ƙarshe waƙa yake, ga murya kamar ta ƙofar langa-langa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba ciyawar ce ta hana ni zuwa nan ba, shirun ne. Ku yi abinku. Amma ku ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Ba ta ga buɗe wurin ba, ana saka rufi Allah Ya karɓi abarsa. Har gobe ina kewarta. Ni ke koyar da yara wasa a can yanzu, kuma sun san ni da faɗa ɗaya: duk wanda ya hau dandamali ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai ya sake.